Babur Mara Tari

Da can, in an idar da sallar asuba,
kokawa muke yi a zaure, ni da tsohon mashin ɗina.
In taka kik sau goma, ya yi tari ya mutu,
in kwance fulogi in goge a gefen riga,
in yi ta hura shi kamar mai girki da ɗanyen kara.
Maƙwabcina Shitu ya leƙo ta kan darni:
"Ko dai a tura?"
A tura.

Yanzu ɗan makulli nake murɗawa,
koriyar fitila ta buɗe ido,
shi ke nan.
Ko zakaran da ke kan turmi bai san na fita ba.

Ƙwan zabi nake bi ƙauye-ƙauye,
daga Majiya har rugagen bayan Gujungu,
kwando biyu a ɗaure, ƙaiƙayi a tsakani.
Tsohon yakan yi ta karkarwa kamar mai masassara,
in isa kasuwa da ƙwai bakwai a fashe,
rigata tana ƙarni, ƙudaje na yi mini rakiya.
Wannan kuwa tafiya yake
kamar wanda aka ba riƙon jaririn wani.
Jiya guda ɗaya ya tsage,
shi ma gwiwata ce ta buge shi.

Ilu ɗan bumburutu na bakin titi,
mai jera kwalabe kamar na zoɓo,
ya daina ɗaga mini hannu.
Na tsaya, ya ce, "Kwalba nawa?"
Na ce, "Gaisuwa ce kawai."
Bai yi dariya ba.
Don kunya na sayi gyaɗa wajen ƙaninsa.

Rana ce tuwon babur ɗin nan.
A shagon Talle mai cajin waya,
faifan sola shida a kan kwano,
nake jona shi kusa da wayoyin mutanen gari.
Ya sha nasa, in sha shayina,
mu tashi tare.
Kuɗin da nake zuba wa tanki a da
Hansatu ke ƙulle su a bakin zani,
ta ce tunkiya za ta saya kafin kaka,
ta ma raɗa mata suna.

Ba na ce ba shi da nasa halin ba.
Makon jiya hadari ya tare kwana uku,
rana ta ƙi leƙowa,
Talle ya ce ko wayar liman ba ta cika ba.
Na yi taurin kai na fita da sanda biyu a batir,
na dawo a ƙafa,
taɓo har idon sawu.
Shitu ya wuce ni a kan jakinsa, yana cin goro:
"Ko dai a tura?"
Na ce, ai ga shi ina turawa.

Abin da ban yi zato ba shi ne shirun.
Ina tafe ina jin kwaɗi a fadama,
ina jin sallamar manomi daga tsakiyar gero,
in amsa masa ba sai na ɗaga murya ba.

Da, tun daga kukar bakin gari yara ke jin ƙarata,
kowa ya shiga taitayinsa,
a ɓoye ƙwallo, a ɗauki tsintsiya.
Yanzu sai dai su gan ni.
Shekaranjiya har tsakar gida na shiga,
Lantana autata na tsugune bayan rumbu,
ta jera tsakuwa a faifai,
tana ciniki da 'yan tsaki
da muryata, har da gyaran murya irin tawa:
"Albarka. Ƙara dai, wannan na zabuwar daji ne."

Ban sauka ba.
Na tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasa,
ƙwai ɗari biyu a bayana,
har sai da ta sallama.